Yadda na kai turaren shinkafa gida-gida

Shekara biyu da aurenmu wani kamfanin shinkafa na birni ya ƙulla hulɗa da ƙaramin injin casar maigidana a Tudun Wada. Mota biyu na shinkafa maigidana ya aika musu, duka suka dawo da su: tsakuwa, karyayya, ga launi kamar an jiƙa ta a kwata. Suka ce idan ta uku ta dawo, an raba gari.

Sun kira masu injina horo na mako guda, maza zalla. Abin da ba su sani ba, a garinmu namiji ba ya turara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Mata ne ke yi a cikin gida, inda baƙon namiji iyakarsa zaure. Maigidana ya dawo da ilimi cike da kai, babu ƙofar shigar da shi.

Wata rana da hantsi ya same ni ina tankaɗe, ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba.

«Uwargida, ɗaliba nake nema.»

«Da me za a biya ta?»

«Da malamin gaba ɗayansa.»

Na sunkuyar da kai. Kwana uku yana koya mini: wanki sau uku, a kwashe wadda ta taso sama, a sa faranti mai huji a gindin tukunya don tururi ya dafa ta ba ruwa ba, a shanya a kan tamfol, a ƙarasa a inuwa. Har yau ƙamshin shanshera mai zafi muryarsa yake tuna mini.

Sai na yafa mayafi na shiga gidaje. Wata dattijuwa da ta fi kowa daɗewa a sana'ar ta kalle ni sama da ƙasa.

«'Yar nan, ina turara shinkafa kafin a yaye uwarki.»

«Shi ya sa na fara da ke, Inna. In kin ƙi, kowa ya ƙi.»

Ta yi tsaki, amma ta karɓi farantin. Da shinkafar da ta turara da shi ta bushe, ta jefa ƙwaya a baki, ta ciza. Washegari ita ta riƙa shiga gabana, tana gyara mini bayani.

Mota ta uku ta tafi ranar kasuwa. Ba ta dawo da komai ba sai buhunan da babu komai a ciki, da saƙon cewa a horo na gaba a taho da matan.