Raƙumin Baba Arzika

Ban taɓa mantawa da ranar da aka shigo mana da Baba Arzika na Barmu a kan amalanken jaki ba. Shekarun farko ne na mulkin kai, ina ƙaramin anfirme, wato mai jinya, a asibitin Tawa. Ni ne kuma bakin likitanmu, wani Bafaranshe da Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba.

Arzika tsohon ɗan kokawa ne, wanda duk Adar ta shaida ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Ga shi nan a shimfiɗe, ƙashin cinya ya karye daidai mahaɗarsa da ƙugu, ƙafa ta gajarce ta juya waje.

Ƙa'idar aiki, kafin a taɓa majinyaci sai an ji yadda abin ya faru. Na tambaye shi.

"Raƙumi na, ɗana," in ji shi. "Amali. Shi yah harbe ni."

Likita ya duba fata, ko ƙujewa babu. Ya ce in sake tambaya. A karo na biyu raƙumin ya haukace, sai da ya watsa kasuwar dabbobi kafin ya iso kan Arzika. Da a ce na sake tambaya, na tabbata sai raƙumin ya fito da ƙaho.

Ku yaran yanzu za ku ce a ɗauki hoto mana. Injin hoton ƙashinmu ya daɗe da mutuwa, kayan gyaransa kullum suna "bisa hanya" daga Yamai. Karaya kuwa iri biyu ce. Ƙashi mai lafiya, in an ja ƙafar da igiya da jakar yashi, mutum ya kwanta rigingine wata uku, yakan haɗe. Wanda cuta ta cinye ta ciki, kamar azarar da gara ta shiga, ko shekara aka yi ba zai haɗe ba, gyambon kwanciya ne zai ƙarasa mai shi. Don haka maganar raƙumin nan ba hira ba ce.

Matarsa Kuluwa tana zaune a bakin ƙofa, ta gaji da ji.

"Wane raƙumi, likita? Mu da ko akuya ba mu da! Buta yad duƙa shi ɗauka, yay yi atishawa, sai munka ji ƙas."

Ɗakin majinyata ya kwashe da dariya, har da wani da aka yi wa aikin gwaiwa jiya, yana riƙe da ɗinki. Ni ma na dara.

"Ke, Allah shi isam min," in ji Arzika.

Ba ta kula shi ba. Ta ce tun damina ƙugun yake hana shi sukuni, fitsari da ƙyar, wandonsa ma ya yi masa yawa. Da na ga fuskar likita, sai na daina dariya. Ya gwada shi, ya ce ciwon daji ne ya taso daga mara ya shiga ƙashi. Cutar ta fi ƙarfinmu. Ko dai ya kwanta nan muna ba shi maganin zogi, ko a kai shi Yamai a sa masa ƙarfe ya riƙe ƙashin. Hanya muguwa ce, aikin ma ana iya tafiya a cikinsa, kuma ba zai ƙara masa kwana ba. Zai dai iya tsayuwa.

Na fassara. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Arzika ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Hwaɗa mishi, ƙasa za ta samu bayana, na sani. Amma sau guda za ta same shi. A sa ƙarhen."

An sa, Allah kuma ya tashe shi. Direban motar asibiti da ya mai da shi gida ya ba ni labari, suna hango Barmu Arzika ya ce a tsaya. Ya sauka, ya dogara sanda, ya shiga gari da ƙafarsa, Kuluwa tana biye tana yi masa faɗa. Bai ga kakar baɗi ba.

Abin da na koya shi ne, majinyaci yakan fi tsoron kunya da wuƙa, don haka ku riƙa tambayar wadda take zaune a bakin ƙofa. Ba kuma kowane aiki ake yi don a warkar ba. Wani ana yinsa ne don mutum ya jira ajalinsa a tsaye.