Oumarou Mai Amalanke, Mutumin da Ya Hana Mu Gaisawa a Lungu

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofa, Oumarou ya idar da sallar asuba, ya sha kunun Fadima a tsaye, ya kwance sarƙar amalankensa daga jikin falwaya. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki, tun zuwansa Libreville daga Tawa da ƙuruciyarsa. Kayan mutane yake ɗauka daga inda motocin tashar jirgin ruwa ta Owendo suke saukewa, ya turo su ta lungun nan da ya ratsa Nombakélé ya ɓulle wajen kasuwar Mont-Bouët. Yau buhunan albasa, gobe ayaba, jibi ƙunshin rogo na matan Gabon. Lungun kuwa in mutum ya buɗe hannuwansa saura kaɗan ya taɓa bango da bango, ga kwata a gefe ɗaya, ga gangare, kuma rabin unguwa ta nan take bi.

Mu kuma, baƙin da ke zaune a unguwar, Allah ya yi mu da son gaisuwa, kuma ba mu san inda ake ajiye ta ba. Mutum biyu za su haɗu a tsakiyar lungu, jiya ma tare suka yi sallah, amma sai sun kama hannu sun tambayi kwana da gajiya da iyali da kasuwa da labarin gida. A saki hannu, a taɓa ƙirji, a sake kamawa. Bayansu mutum ashirin sun cirje da kaya a ka, su ko a jikinsu. Ga mata uku da sai sun jera kafaɗa da kafaɗa don kada hira ta tsinke. Ga wanda zai tsaya cak yana kallon takalmin da ba saya zai yi ba. In ana ruwa kuma kowa da laimarsa, saitin idon ɗan'uwansa. Duk wannan mai tafiya hannu rabbana ɓacin rai kawai yake sha. Mai amalanke da buhu takwas a kan gangare kuwa, da gwiwarsa da bayansa yake tsayar da kaya, domin amalanke ba shi da birki.

Shi ya sa tun daga saman lungu ake jiyo muryarsa: "Ku koma gehe ku gaisa! Hanya, hanya!" Tun yana yi in yana da kaya, har ya koma yi ko hannunsa wayam. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke ba shi ko ruwan sha a kai. Abin da ya samu shi ne suna, Oumarou Ba-Sannu, wai mutumin da ya yi hannun riga da gaisuwa. Amma ku tambayi Fadima mai kunu, wadda rumfarta take tsakiyar lungun. Ita ta ga ranar da naƙuda ta kama wata mata ana tasowa daga Juma'a, ya zubar da ayabar mutane, ya ɗora ta a amalanke, ya keta jama'a da tsawa har bakin titi inda tasi suke. Ku tambayi Monday mai gyaran rediyo, ɗan Najeriya, wanda shagonsa yake kallon rumfar Fadima. Zai gaya muku sau nawa ya ga Oumarou ya gwammace ya buga kafaɗarsa da bango da ya taka tsohuwa.

Sai shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ta zo. Duk wanda aikinsa ya mutu ya shimfiɗa buhu a bakin lungu ya baza ɗan abin da yake da shi, hanya ta ƙara tsukewa, zukata ma haka. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga shekarar kame. Aka ce duk baƙon da takardar zamansa ba ta cika ba ya tattara ya bar ƙasa, kuma sabunta takardar ya fi ƙarfin da yawa daga cikinmu. Wanda kuka sha shayi tare da safe, da yamma ka ji an yi gaba da shi. Nan fa kowa ya fara duban kowa ta gefen ido. In maƙwabcinka ya tambaye ka yaushe za ka fita gobe, sai ka kwana kana tunanin me ya sa ya tambaya.

Oumarou ne ya fara gane abin da ke faruwa, kuma ba don ya fi kowa wayo ba. Shekara ashirin idonsa ba ya neman kowa a lungun sai masu tsayawa. To sai ya lura akwai wasu mutum biyu, wani lokaci uku, cikin farin kaya, da suke tsayawa a saman lungu kamar masu jiran tasi, kuma tasi ta zo ta wuce ba su shiga. Ya ga su ma inda yake kallo nan suke kallo. Jama'a ta yi yawa, ba za su iya tambayar kowa takarda ba. Sai su jira. Ɗan ƙasa in ya ga wanda ya sani, ɗaga hannu yake ya wuce. Wanda ya tsaya ya kama hannu, ya taɓa ƙirji, ya sake kamawa, ya riga ya faɗa musu daga inda ya fito.

Bai ɓoye ba. Bayan la'asar ya samu Alhaji Nafiou mai atamfa, ɗan garinsu kuma babba a cikinmu, yana zaune da jama'a a ƙofar masallaci. Ya durƙusa ya ce, "Alhaji, a hwaɗa ma mutane su bar tsayawa gaisuwa cikin lungu. Da ita ake gane mu. Na gani da idona."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Kai, Oumarou, shekara nawa kana yaƙi da gaisuwa? Yau kuma ka samo mata sabon laihi." Aka yi dariya. Sai ya ƙara da cewa, "To, wa ya hwaɗa maka abin da suke dubawa?"

Dariyar ta tsaya nan take. Kafin magariba tambayar ta zaga unguwa, kuma a hanya ta daina zama tambaya. Masu bin diddigi suka fito da hujjoji. Ai duk kamen a lungunsa ake yi. Ai shi kullum ta gabansu yake wucewa, ba a taɓa ce masa ina takarda ba. Ai wani ya taɓa ganinsa ya ɗaukar wa matar wani jami'i kaya. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa mutumin da ke bayan amalanke, riga a yage, gumi na zuba, yana tafe yana tsawa, ba mai kallonsa sau biyu. Sunan Ba-Sannu ya kau, aka sa masa wanda ya fi muni: ɗan rahoto.

Abin ya ci shi ƙwarai. 'Yan kasuwarmu suka daina ba shi kaya, sai na matan Gabon ya rage masa. Ya yi sallama, a amsa can ƙasan maƙoshi ko a yi kunnen uwar shegu da shi. A masallaci sahu ya cika, amma dama da hagunsa sai an bar ɗan gurbi. Ba yunwar ce ta fi damunsa ba. Ya san duk wanda aka kora gida da labari yake tafiya, kuma wata rana labarin zai shiga Tawa, ya isa kunnen tsohuwarsa, a ce mata ɗanta ne yake nuna 'yan'uwansa a Gabon. Duk da haka bai sauya hanya ba, bai rage murya ba. Sai ma ya ƙara, mu kuma muka ce ga shi nan, borin kunya yake yi.

Wata Alhamis da hantsi ya taho da buhunan albasa. Kwana biyu kafin nan saƙo ya zo cewa ƙanin Alhaji Nafiou ya rasu a gida. A daidai tsakiyar lungu, tsakanin rumfar Fadima da shagon Monday, Alhaji ya haɗu da Ahmadou direba, wanda ya taso takanas daga Owendo don ya yi masa ta'aziyya. Suka kama hannu, suka saki, suka ɗaga tafukan hannu sama za a yi wa mamaci addu'a. Wannan gaisuwa ce da ko mahaukaci ba ya katse ta. Oumarou ya waiga, ya ga masu farin kayan nan biyu sun baro saman lungu sun fara gangarowa. Ya san takardar Alhaji ta mutu, don kowa ya sani. Ya san kuma in ya yi magana, shi ne mutum na ƙarshe da Alhaji zai saurara.

Sai ya saki gwiwarsa. Amalanke ya taho ya ratsa tsakaninsu, addu'a ba ta kai rabi ba. Taya ta kwashi gefen babbar rigar Alhaji, ya faɗa cikin rumfar Fadima, hula ta yi nata wuri. Ahmadou ya yi baya ya afka shagon Monday. Buhu biyu suka faɗi suka fashe, albasa ta bi gangare.

Fadima ta hango abin da Oumarou ya hango. Ta dafe kafaɗar Alhaji ta ce, "Baba, kwanta, kada ka tashi!" Ta ja tabarmar rumfa ta sake ta. Monday ya tura Ahmadou bayan tulin tsofaffin rediyo yana cewa, "Oga, shiga ciki, shiga ciki, kar ka leƙo!"

Mu kuwa muka yi abin da muka saba, muka tsaya kallo. Wasu suka ci kwalar Oumarou, wai ya tozarta dattijo a tsakiyar addu'a, wani ya kwaɗa masa mari. Lungu ya toshe da mutane da albasa, masu farin kaya suka daɗe suna kutsawa. Da aka farga da su, kowa ya tuna yana da uzuri, wuri ya watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Suka iso ba su ga waɗanda suka biyo ba. Mutum ɗaya suka tarar a tsaye, riƙe da amalanke don kada ya gangara ya murƙushe masu gudu. A karo na farko suka dube shi da kyau, suka ce ina takarda. Tasa ta mutu wata takwas da suka wuce.

Kwana goma sha tara ya yi a tsare. Ba mu muka je ba. Matan nan masu rogo ne suka yi ta sintiri kullum, har ɗaya daga cikinsu ta tsaya masa a matsayin mai aikinta, aka gyara takarda, aka sallame shi. Za ku ce daga nan bakin kowa ya mutu. Ina! Ranar da ya fito, a ƙofar masallaci aka ce, "An sake shi kuma? Wa suka taɓa saki in ba nasu ba?" Monday ya yi ta rantsuwa da Allah cewa da kunnensa ya taɓa jin mutanen suna cewa a jira masu dogon riƙon hannu. Fadima ta faɗa har ta gaji. Alhaji Nafiou, wanda ya kwanta a bayan tabarma yana kallon takalman masu nemansa suna wucewa, kalma ɗaya daga bakinsa da ta wanke Oumarou tas. Bai faɗe ta ba. Ya dai koma ba shi kayan atamfa ya kai shago, sauran 'yan kasuwa suka bi. A hankali muka koyi gaisawa muna tafiya, kamen lungu ya ragu, maganar ta lafa ba tare da kowa ya ce a yi haƙuri ba.

Kai ne, Oumarou, wanda ya ga haɗari ya faɗa, aka mayar masa da faɗar laifi. Kai ne ka zaɓi ka sha mari da ka bar wanda ya ɓata maka suna a tafi da shi. Namijin duniya, kai ne ka fito daga tsare da safe, da la'asar aka ji muryarka a saman lungu kana neman wa masu kaya hanya. Akwai mutane a Nombakélé yau, da shago da iyali, waɗanda ba su san tsawarka ce ta bar su a garin nan ba.

Yanzu shekara huɗu da wannan, gwiwoyin sun ce sun gaji. Ya sayar da amalanken, zai koma Tawa. Jiya na same shi a rumfar Fadima, domin ni ma ina cikin masu barin gurbi a sahu, wata bakwai ban amsa sallamarsa da baki buɗe ba. Na ce, "Malam Oumarou, na zo neman gafara. Har da ni a ciki."

Ya ce, "Na sani. Ai ina ganin ƙahwarka tana ja baya in an tada sallah." Sannan ya ce, "Na yahe muku tun ina can ciki, don ban san ko zan hito ba. Abu guda ni ke so. In akwai mai rubuta ma gida, ya rubuta ya ce ba ni ba ne. Tsohuwa ta ji maganar, kuma har yau ba wanda ya je ya warware mata."

To ga shi na rubuta, kuma zan sa a karanta shi a Tawa: ba shi ba ne, bai taɓa nuna kowa ba, mu ne muka zalunce shi. Mun gode, Oumarou. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa ka tarar da tsohuwa da ranta. Masu tasowa kuma su koya daga gare shi, in ka ga abin da zai cuci jama'a ka faɗa, ko da kai za a fara jifa. Sauran waɗanda suka ci naman bawan Allahn nan, kullum da safe yana rumfar Fadima. Jirgin da zai kai shi Kwatano, a hanyarsa ta zuwa gida, Asabar zai tashi. Alhaji, saura kwana uku.