Sandar Golf a Hanyar Damri

A bakin hanyar Damri wani dattijo yake tsaye, rigarsa ta koɗe, yana riƙe da sandar golf mai tsatsa. Da alama ya taɓa buga wasan a birni, sai yanzu hannun ya tuna. Yana duban gonar da 'yan bindiga suka hana nomawa: kwari nan, rairayi can, tsamiya a tsakiya.

"Ko filin golf na Kaduna bai kai wannan tsari ba," in ji shi ga mai babur ɗinsa.

Ya ajiye ƙodagon goruba, ya gyara tsayuwa, ya buga. Ƙodagon ya lula cikin ciyawa.

"Alhaji, in ɗauko?"

"Bar shi. Can suka kashe ɗana Bube, ni ban iya shiga. Shi dai ƙodagon ya isa can."