Wuƙar Bahaguwa

Shekara arba'in da ɗoriya yana yi wa itatuwa aure, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Aure. Ya yanko reshen mangwaro mai zaƙi ya fere, ya fere ɗan dashe, ya haɗa su fuska da fuska, ya naɗe da leda. Zawarawan unguwa kan tsokane shi, wai su ma a taimaka musu. Ko murmushi ba ya yi.

Wuƙarsa ɗaya ce, 'yar guntuwa, bakinta miƙe sambal, ba lanƙwasa ba tsini. Yakan ce mai lanƙwasa ta mahauci ce, a jikin itace rami take bari, iska ta shiga, aure ya mutu. Miƙaƙƙiya kuwa ja ɗaya, fuska ta fito sumul. Gefe guda yake wasawa, ɗayan ya bar shi a shafe don ya kwanta a jikin reshe. Haka ya ga ubansa yana yi.

'Yarsa ta fari bahaguwa ce. Kai, yarinyar nan ta so aikin nan! Tun tana shekara tara take binsa lambu. Sai dai duk reshen da ta fere, wuƙar ta nutse ta ci rami. Dashe ashirin ta aura, ko ɗaya bai kama ba. Ran nan ya fizge wuƙar a gaban ma'aikata ya ce, "Hannunki ba albarka. Wuce gida." Ta wuce. Ta girma, ta yi nata iyalin, tana zuwa gaishe shi, amma shekara talatin ba ta sake taka lambun ba.

Tsufa ya zo, hannunsa na dama ya kama rawa. Ga kuma mangwaron bakin rijiya, wanda marigayiya matarsa ta shuka, gara ta cinye gindinsa, saura reshe biyu masu rai. Irinsa babu a ko'ina. In ba a aura shi yanzu ba, ya tafi ke nan.

Da hannun dama ya ƙi, sai ya mai da wuƙar hagu. Ya ja, ta nutse. Ya sake, ta ci rami. A na uku ya tsaya yana kallon yankan, don ya san ramin nan, ya taɓa ganinsa har sau ashirin. Ya juya wuƙar a tafinsa. Washin na mai aiki da hannun dama ne. A hannun hagu, shafaffen gefen sama yake kallo, ko wane gwani ne sai ta nutse masa. Ya zauna a ƙasa, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Ya sa maƙeri ya ƙera masa sabuwa, ya kwana uku yana wasa ta ta ɗaya gefen. Sannan ya aika a kira 'yarsa.

Ta tsaya a ƙofar lambu, ta ƙi shigowa. Shi ya taka ya je, ya miƙa mata ƙotar.

Ta ce, "Baba, da wannan hannun nawa?"

Ya ce, "Ba hannunki ba ne, uwata. Wuƙar ce. Ni ne ban sani ba. Ki yafe mini."

Ta karɓa, ta je bakin rijiya. Ja ɗaya, fuska ta fito sumul. Dashe shida ta aura, ta wanke hannu ta tafi da wuƙarta.

Kafin sati uku ya kwanta, ko ƙofar ɗaki ba ya kaiwa. Wata safiya 'yar ta shigo, ta jera dashen a gaban gadonsa, kowanne da jan toho a ka. Ya bi su da yatsa yana ƙirgawa, har shida.

Ya ce, "Ni ranar da na fara, biyu suka kama."

A nan ne kukan ya ƙwace mata.