Kazar da ke Ƙarƙashin Motar Gwaiduwa

Ana ta yaɗawa a layinmu wai taubashiyata Gwaiduwa ta ɗaure kaza a ƙarƙashin motarta, wai kazar ce ke tsattsago fetur daga tanki tana miƙa wa inji. Mai aski ya rantse ya ji ta da kunnensa, da an murɗa makulli sai ƙwas-ƙwas-ƙwas. Wata maƙwabciya ta ƙara gishiri, ta ce ta ga gashin kaza na fita ta salansa tare da hayaƙi. Har akwai wanda ya ce kazar tana ƙwai, sai dai idan ka soya shi kaskon ne ke kamawa da wuta.

To ku kwantar da hankalinku, babu kaza. Ni na san zancen daga tushe, don duk duniya babu wanda ya kai ni asara a cikinsa.

Gwaiduwa 'yar kawuna ce, ni ɗan gwaggonta, saboda haka ina da lasisin tsokanarta har ƙasa ta rufe idona. Sunan ma ni na laƙaba mata tun muna yara, don gajeruwa ce, ja, dunƙulalliya. Da Allah ya tashi gaskata ni sai ta girma ta zama mai sarin ƙwai. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata yara, da ƙwan nan take ci da su, da shi take biyan makaranta. Kullum da safe ta je gonar kaji a bayan gari, ta jera kiret-kiret a doguwar motar da ta gada wurin Kawu, ta bi shaguna tana saukewa.

Motar kuwa, ina kyautata zaton ta girmi titin da take hawa. Ƙofar direba da igiya ake rufe ta. Amma babban ciwonta zafi ne. Famfon mai na asali a jikin inji yake manne, da rana ta take inji ya gasu, sai fetur ya tafasa a cikin tiyo, famfo ya koma zuƙar iska, mota ta yi tari biyu ta mutu. Gwaiduwa ta fito, ta ɗaga banet, ta jiƙa wani tsohon ɗankwali ta naɗa wa famfon kamar mai jinyar zazzaɓi, tana cewa, "Sannu, tsohuwa, sannu."

Wurin mutuwar ma ɗaya ne: danjar da ke gindin hawa, daidai rumfar da nake sayar da cajar waya. A saman hawan nan gidan burodi yake, shi ne mai sayen fiye da rabin ƙwanta. Kafin famfo ya huce ta riga ta kashe batir da gwaji, sai turi. Nan nake shigowa. In naɗe hannun riga in tura, ta saki kuloci, mota ta yi tsalle kamar an tsikari jaki, ƙwai su gaisa da juna a baya. Duk wanda ya tsage nawa ne, ladan turi. Na ci ƙwai a shekarun nan har kumatuna suka fara sheƙi, mutane na tambaya ko na sami aikin gwamnati.

Ran nan mai burodi ya gaji. A gabana ya ce mata, "Baiwar Allah, kwaɓi ba ya jiran mota. Ina ganin ƙoƙarinki, amma idan kika sake makara zan nemi wani."

Da muka fito na ga ta tsaya tana kallon motar, ko tsokanar da na yi mata ba ta rama ba. Ranar na san abin ya kai mata wuya, don Gwaiduwa ba ta barin bashin magana ya kwana.

Sai ta nufi garejin wani bakanike da ake kira Gobe-da-safe, saboda ko taya ka kai ya duba iska amsar ke nan. Ya ce a sayo famfon lantarki, ƙarami, kada mai ƙarfi ya cika kafireta ta yi ta amai. Ta sayo. Abu kamar gwangwanin madara. Gobe-da-safe ya ɗaure shi nan kusa da inji, inda hannunsa ke kaiwa ba sai ya sunkuya ba, ya karkaɗe hannu ya ce an gama.

Ta fita gwaji ba kaya, da tsakar rana. Tana zuwa danja mota ta mutu, sabon famfo na ta kuka a bushe. Na tura ta har gareji, kyauta, don babu ƙwai a ciki. Wannan zalunci har yau ban yafe ba.

Ta ce, "Malam, abin nan da ka sa, ja yake ko turi?"

Ya ce, "Turi yake, ai shi ya fi iyawa."

"To wa ka taɓa gani yana tura mota daga gaba?"

Gobe-da-safe ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya wurinsa can baya ne, gefen tanki, ƙasa-ƙasa, yadda mai zai gangaro masa da kansa, nesa da zafin inji. Sai dai bayansa na ciwo, ba ya iya kwanciya ƙarƙashin mota, a bari gobe da safe.

"Goben nan ƙwai zan kai," in ji ta. "Ba ni sifana."

Jama'a, da idona na gani. Ta shimfiɗa kwali, ta ɗaure zani tamau, ta shige ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai ake gani. Gobe-da-safe ya cire kan batir, ya tsuguna yana ba da umarni kamar mai koyar da tuƙi.

"Matatar mai tukuna, sannan famfo, kada dattin tanki ya shaƙe shi. Dubi kibiyar da ke jikinsa, ta kalli gaba. A'a, matsa daga salansa, so kike ki gasa mu?"

"Na matsa. Wane noti?"

"Na hagunki. Taubashi, haska mata mana, ka tsaya kamar turke!"

Na haska, fetur ya ɗigo mini a ido, na ga taurarin da ba a halitta ba tukuna. Aka yanko tsohon silifa aka sa tsakanin famfo da ƙarfe don rage ƙara. Gobe-da-safe kuma ya ja waya zuwa gaba, ya sa fis, ya haɗa da makulli yadda in an kashe mota famfo zai tsaya. Tsohon famfon aka cire, aka toshe gurbinsa da faranti. Gwaiduwa ta karɓe shi ta naɗe a ɗankwalin nan nasa ta sa a jaka, wai hannun babanta ya taɓa shi.

Aka mayar da kan batir, ta murɗa makulli. Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Kazar taku ke nan.

Washegari rana ta take har kwalta na narkewa. Na naɗe hannun riga tun da wuri, na ajiye kwanona a gefen rumfa, don ni mutum ne mai kyautata zato. Ga ta nan tafe, ƙwai har rufi. Danja ta nuna ja. Ta tsaya. Na miƙe. Mota na ta gurnani a hankali, ba tari ba atishawa. Na ga hannunta ya ƙanƙame sitiyari, bakinta na motsi. Danja ta saki, tsohuwa ta haye hawan nan sumul kamar mai zuwa karɓar kyauta. Ko kallona ba ta yi ba. Mai burodi, in ji yaransa, sai da ya duba agogo ya sake dubawa. Har yau ita ke kai masa.

Ni kuwa na rame. Kumatun sun koma inda suka fito.

Shekaranjiya na je gidanta na tarar tana goge gilashin mota. Na ce, "Gwaiduwa, gari ya ɗauka wai kaza kika ɗaure a ƙasa. Ki ji tsoron Allah ki riƙa ba ta dusa. Kuma ni da na tura ki shekara da shekaru, ko fasasshe ɗaya babu?"

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Ai na san bakin da kazar ta fito. Kai da ita aikinku ɗaya, turi da surutu. Bambancin, ita tana surutun tana aiki, kuma tun da na ɗaura ta ba ta taɓa zuwa mini da kwano ba."