Jirgin da Taubashiyata Ta Hau

A jikin madubin kakata na fara hango shi, ranar da na sauka Gwaram hutun kaka. Ɗan guntun kati ne da aka soke a gefen katakon, kusurwarsa ɗaya ta sha maiƙo. Na matsa na karanta. Tikitin jirgin ƙasa ne, daga Kano.

"Iya, wannan na wa?"

"Na taubashiyarki. Ta raka uwarta dubiya can kudu, a jirgi suka je, a jirgi suka dawo."

Sai na ƙura wa tikitin ido. A Birnin Kudu, inda na tashi, ba mu da layin dogo, sai manyan motoci da ke ratsa gari. Amma ni na san jirgi, ko in ce haka nake gani. Mai tura finafinai a waya da ke bakin kasuwarmu ya haddace buƙatata: na Indiya mai fassara, in dai da jirgi a ciki. Ina son inda tasha ke cika da hayaƙi, budurwa ta kifa goshi a taga, saurayi na tsaye a ƙasa ya kasa cewa komai, ƙarafa na fara motsi. Nakan mayar da wurin baya har sai caji ya ƙare.

Kuma da wannan nake cin abinci a Gwaram. A gidan Iya, in an zauna ɓarar gyaɗa bayan la'asar, akwai doka: mai ba da labari ba ta ɓara. Ita ke hawa 'yar kujerar Iya, sauran na tabarma. Kaka uku ke nan kujerar tawa ce, ina zuba musu finafinai har matar kawu ta share hawaye da bakin mayafi.

Ranar na zauna, na gyara murya, na kawo jirgi tasha ke nan, sai matar kawu ta ce, "Tsaya. Ga wadda ta gani da ido. Ke, haka yake?"

Taubashiyata, 'yar gwaggona, ba ta taɓa kallon fim har ƙarshe ba, barci take yi. Ta watsa gyaɗa a baki ta ce, "Ni dai zafi na gani. Muka tsaya a dokar daji tun hantsi har azahar, ba wanda ya ce mana kanzil. Wata Bayarabiya ta kwance ƙullin dafaffen ƙwai ta raba mana, ta ce in kira ta Mama. Zakaran wani tsoho ya tsinke, karen mota ko wa yake, mai hular nan, ya bi shi tarago uku."

Aka kwashe da dariya. Hannuwa suka tsaya da ɓara, abin da ban taɓa samu ba.

"Ba haka jirgi yake ba," na ce.

"Au, to yaya yake, Hajiya?"

"Da zai tashi, wa ya biyo shi da gudu?"

"Mai tallar rake. Canjinsa ya manta."

"Ba wanda ya ɗago miki hannu? Ba ki ratsa ta cikin dutse ba, duhu ya rufe ku? Hala ma a jirgin kaya aka saka ku."

"Baiwata ke nan," in ji ta, irin tsokanarmu ta taubasai. "Kin hau a waya, kina gyara wa wadda ta hau da ƙafa."

Iya ta miƙo mini ƙwarya cike da gyaɗa. "Sauko, 'yar nema. Wanda ya je ya fi wanda aka ba labari. Jirginki ba ya ko warin kifi."

Na sauko. Ranar na ɓare gyaɗa har babban yatsana ya yi kanta, ina jin yadda take ɓata mini jirgi da zancen bayan gida da ƙuma. Abin da ya fi ƙona mini rai, an ba ta taga kwana biyu cur, ita kuwa ta ce barci ta sha. Da ni ce, da ko ƙiftawa ban yi ba. Washegari na zo da fim ɗin da na fi ji da shi, na ce a kalla a wayata. Suka leƙa kaɗan, matar kawu ta ce, "A ba mu na zakaran nan dai." Har hutu ya ƙare ban sake hawa kujerar ba.

Yanzu tana aure a Zariya, tana sarin atamfa, in jirgi na aiki a ciki take zuwa sari. Duk tafiya sai ta turo saƙon murya a zauren danginmu na waya, wani ya kai minti goma, tana ƙorafin zafi da jinkiri, kowa na tura dariya. Ni kuwa nakan kai wayar kunne, in bar maganarta ta wuce, ina sauraren ƙarar ƙarafan da ke bayanta.