Biskitin Jarirai

A shekarata ta biyu a jami'a can kudu aka fara zuba muna bursi, kuɗin tallafin karatu, a banki, aka ba kowa karti. Da na dawo Malanville hutu, ba wanda ban nuna ma shi ba a gidanmu. Baba ya jujjuya shi a hannu, ya ce madalla, tunda yanzu gwamnati ke biyana, ya huta da ba ni kuɗin kashewa. Kunya ta hana ni gaya mishi dala ɗari bakwai na sefa kaɗai suka rage ciki.

Na'urar banki kuwa ba ta fidda ƙasa da dala dubu. Sau uku ina gwadawa tana turo mini kartina. Ga shi gidanmu ba a ɗora tukunya da rana, kowa na kasuwa, can yake ci. Na tambayi mai shinkafa da wake ko tana karɓar karti, ta ce mi za ta yi da kartin zaɓena.

Da ƙyar na gano farmasin bakin hanya na da ɗan mashin da ake sa karti. Na bi kayan ɗaya bayan ɗaya ina neman abin da ciki zai ɗauka. Ban da alewar tari, sai biskitin jarirai, dala sittin, da hoton jinjiri yana dariya.

Matar da ke sayarwa 'yar kudu ce mai tabarau. Kullum sai ta ciro mashin ɗin daga aljihun tebur, ta goge shi, ta ɗaga shi wajen taga tana neman rezo, wato sabis, masu takardar likita na tsaye bayana suna tsaki. Rana ta biyu ta tambaye ni watan yaron nawa. Bakina ya riga ni, na ce takwas. Ta ce in riƙa jiƙa mishi da ruwan ɗumi. Na yi godiya, na tahi bakin kogi na cinye abina ina kallon manyan motoci na jiran ƙetarawa Gaya.

Kwana shida ina haka. A na bakwai Gwaggo, ƙanwar Baba mai sayar da albasa, ta shiga sayen maganin hawan jini, matar, ashe ta san gidanmu, ta ce mata ya jikan nasu.

Bayan la'asar aka aika kirana. Na iske Baba da Inna bisa tabarma ba mai fara'a, Gwaggo na gefe rungume da leda.

"Ɗana, ba faɗa za a yi ma ba," in ji Gwaggo. "Namiji ne ko ɗiya mace?"

Na ce wa ke nan. Ta ce wanda na ɓoye can kudu, mai wata takwas. Inna ta fara share hawaye da bakin mayafi.

Na rantse ba ni da ɗa, ba wanda ya yarda, sai da na zaro ragowar biskitin daga aljihu, da tikitocin mashin guda shida, na faɗi abin da ya rage a kartin. Baba ya ɗauki biskiti ɗaya ya gutsura, ya daɗe yana taunawa.

"Wanga kake ci da rana, kana da gemu?"

Inna ta ƙyalƙyale da dariya, hawayen bai ma bushe ba. Baba ya ce daga gobe in riƙa iske shi shagonshi na shinkafa, ina rubuta buhunan da suka fita, mu ci na rana tare.

Gwaggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta buɗe ledar: 'yar riga, hula, safa, da sabulun wanka, duk a ranar ta saye su. Ta ce ta riga ta gaya ma ƙawayenta biyu a kasuwar albasa, yanzu da wane baki za ta koma musu. Ta ɗaure ledarta ta fita ba sallama, ta kai kayan gidan wata maƙwabciya da ta haihu. Sai da na yi kwana biyu ina zuwa gaishe ta kafin ta amsa.